Wa Zai Gano Yaron da Ba Ya Ji? Tantance Yara Masu Buƙata ta Musamman a Ƙasar Gobir

Batun da ke gabanmu shi ne yadda ake tantance yaran da ke buƙatar ƙarin tallafi a wajen karatu, kuma zan tsaya ne kan ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa. Abu guda zan kare: a wannan yanki, tantancewa ba za ta yi amfani ba sai ta bi yaro inda yake, a bakin malaminsa da jami'in lafiyar garinsu, da Hausa, tana tambayar me yake iya yi da me ya gagare shi, kuma a ɗaure ta da wani taimako da za a ba shi a cikin zangon karatun da aka duba shi. Tsarin da ke cewa sai an kai yaro gaban ƙwararre a Sakkwato an samo takarda tukuna, a rubuce yana da kyau, amma a aikace zaɓe ne na 'ya'yan masu kuɗin mota.

Ba dokoki muka rasa ba. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ware sashe domin ilimi na musamman, a shekarar kuma aka buɗe kwalejin horar da malaman wannan fanni a garin Oyo. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce ilimin shekara tara kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro, kuma a cikin asusun da hukumar UBEC ke rabawa akwai kashi 2 cikin ɗari da aka keɓe domin yara masu naƙasa. A 2010 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, a 2015 aka fitar da manufa ta musamman kan iliminsu, a watan Janairun 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna musu wariya, wadda ta ba su ilimi kyauta har sakandare. Sai dai wannan doka ta ƙarshe ta jingina matsayin mai naƙasa ga takardar shaida, takardar kuwa daga binciken likita take fitowa. Mu tambayi kanmu inda likitan kunne ko na ƙwaƙwalwar yara yake zaune. Yana asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, ko cibiyar kunne ta ƙasa da ke Kaduna. Makarantar A. A. Raji ta kurame da makafi ita ma a cikin birnin Sakkwato take. Uban da ke Gatawa ko Tsamaye ko Bafarawa, wanda kan hanyar Goronyo ko ta Gundumi yake bi da ransa a hannu, ba zai ɗauki yaron da ke ci yana sha yana wasa ya yi wannan tafiya don kawai malami ya ce ba ya gane karatu ba. Kuma ba mu da bakin zarginsa.

Wannan tsari na takarda kafin tallafi aro aka yi, kuma yana da kyau mu ga yadda ya kasance a gidan masu shi. A Ingila rahoton Warnock na 1978 ne ya kawo ra'ayin cewa a daina rarraba yara bisa sunan ciwo, a dubi buƙatarsu ta karatu. Dokar 2014 ta tanadi cewa idan aka nemi a duba yaro, ƙaramar hukuma ta tara bayanan malami da likita da masanin halayyar yara, ta fitar da kundin tallafinsa cikin mako 20. A shekarun baya-bayan nan kusan rabin kundayen ne kawai ke fitowa a kan lokaci, iyaye kuma na ta kai ƙara. Amurka ta soma nata tun 1975, inda kowane yaro da aka tantance ake rubuta masa tsarin karatu na kansa. Ƙasashen da ke da dubban ƙwararru ke nan, kuma layin jira ya fi ƙarfinsu. Amma ko a can akwai abin da masu kwaikwayo kan manta: ba da ƙwararre ake farawa ba. Malamin aji ne ke fara lura, ya gwada wata dabara, ya duba sakamako, ya sake gwadawa. Yara kaɗan ne ke kaiwa matakin kundi. Mu sai muka ɗauko rufin muka bar harsashin.

Yanzu mu dubi irin yaran da muke magana a kai. Asusun UNICEF ya ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan miliyan 240 ne ke da naƙasa a duniya, wato ɗaya cikin goma. Babu dalilin zaton ƙasar Gobir ta gaza wannan, akwai ma dalilan zaton ta zarce. Muna tsakiyar yankin sanƙarau: annobar 1996 ta kama sama da mutum dubu ɗari a Nijeriya, ta 2017 kuma ta fi tsanani a Zamfara da Sakkwato. Wanda sanƙarau ya bari da rai sau da yawa yakan bar shi da kurumta. Ƙyanda na taɓa ido da kunne. Zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai yakan bar farfaɗiya ko raunin riƙe abu. Akwai shawarar jarirai da ba a kai asibiti ba, akwai doguwar naƙuda a gida, akwai tamowa a kwanaki dubu na farkon rayuwa, akwai kunnen da ya shekara yana zubar da mugunya ana ɗiga masa mai. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka a 2020, amma yaran da ta riga ta taɓa suna nan tare da mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin ɗari na kurumtar yara abu ne da ake iya hanawa. Abin lura a cikin wannan jeri shi ne mafi yawansa ba ya bayyana ga mai kallo. Gurgu da makaho kowa ya san su, al'adarmu ma ta daɗe da ba su matsayi, ga Sarkin Makafi ga Sarkin Guragu. Wanda ya ɓace mana shi ne yaron da ke jin rabin magana, da yarinyar da allo ke yi mata hazo daga bencin baya, da wanda ke ɗauke wuta na 'yan daƙiƙoƙi a tsakiyar darasi saboda wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da mutum. Su ma an tantance su, amma da bulala. An ce wannan daƙiƙi ne, wancan taurin kai gare shi, waccan iska ce ke taɓa ta. Hukuncin yakan fito a aji biyu ko uku, a aji huɗu kuma yaron ya koma gona ko talla.

Saboda haka matakin farko ido ne da kunne, kuma ba ya buƙatar digiri. Allon gwajin ido mai harafi guda da ke fuskantar sama ko ƙasa ko gefe, igiya mai tsawon mita 6, da inuwar bishiya sun isa a gano yaron da ba ya gani da kyau, ko bai san baƙi ko ɗaya ba, domin da hannu zai nuna. Gwajin raɗa daga bayan yaro, kunne ɗaya a toshe, yana kama kurumta mai nauyi, yanzu kuma akwai manhajar waya da ke gwada ji. Jami'in lafiya na asibitin sha-ka-tafi zai iya leƙa kunne ya ga dauɗar da ta toshe shi ko mugunya. Sannan akwai tambayoyin da UNICEF da Rukunin Washinton suka fitar a 2016, waɗanda aka yi amfani da su a binciken gidaje na ƙasa na 2021. Hikimarsu ita ce ba su tambayar uwa ko ɗanta naƙasasshe ne, tambayar da duk uwar kirki za ta amsa da a'a. Suna tambayar ko yana shan wahala wajen gani, ko ji, ko tafiya, ko tuna abu, ko fahimtar da mutanen gida abin da yake so, kuma wahalar kaɗan ce, ko mai yawa, ko ba ya iyawa sam. Amsar irin wannan tambaya ita ce ke gaya wa malami abin da zai yi gobe da safe. Sunan ciwo da Turanci ba ya gaya masa komai.

Mataki na biyu ya fi wuya, kuma nan ne nake so mu daɗe. Ta yaya za a gane yaron da ke da matsalar koyo ta haƙiƙa a ajin da galibin yara ba su iya karatu ba? Gwaje-gwajen karatun Hausa da aka yi a jihohin Sakkwato da Bauci, waɗanda suka kai ga shirin Mu Karanta, sun nuna cewa mafi yawan yaran ƙananan azuzuwa ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. Idan aka shigo da jarrabawar auna basira aka yi wa irin wannan aji a rana guda, sakamakon zai ce kusan duka ajin na da taɓin ƙwaƙwalwa, wanda ƙarya ne. Abin da aka auna shi ne rashin malami, da rashin littafi, da yunwa. Jarrabawar da Binet da Simon suka ƙirƙiro a Faransa a 1905 don gano yaran da ke buƙatar taimako aka yi ta, amma da ta fita daga al'adar da aka gina ta a kai sai ta zama makami. A 1979 wata kotu a Kalifoniya ta hana amfani da irinta wajen tura yaran baƙaƙen fata azuzuwan masu raunin ƙwaƙwalwa, domin ta gano bambancin al'ada ake aunawa ana kiran sa rashin basira. Yaron da ke iya kiwon awaki hamsin ya san kowace da kamanninta, ya kuma haddace izu biyar, idan aka nuna masa hoton jirgin ƙasa ya kasa faɗin sunansa, jarrabawar ce ta faɗi.

A kan wannan kuma sai ga abin da ya sami yankin. Kowa a nan ya san watan Mayun 2020, lokacin da aka kashe sama da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni. Kowa ya san motar da aka ƙone da fasinjojinta a watan Disambar 2021, da kisan Sarkin Gobir na Gatawa a watan Agustan 2024. Dubban iyalai sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi tun 2019, wasu sun cika makarantun cikin gari suna kwana a azuzuwa. Yaron da ya kwana a daji yana jin harbi, ko ya ga an tafi da mahaifinsa, zai zo aji ba ya magana, ko ba ya iya zama wuri ɗaya, ko ya firgita idan an buga ƙofa. Wanda ya yi shekara biyu ba makaranta zai manta abin da ya koya. A takardar gwaji ta rana ɗaya, duk waɗannan kamarsu ɗaya da yaron da aka haifa da raunin fahimta. Hanya guda ce ke raba su: a koyar, a jira, a duba. A raba yara gwargwadon inda karatunsu ya tsaya, ba gwargwadon shekaru ba, kamar yadda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta tsara kuma aka gwada a Borno. A ba su awa guda kullum na karatun Hausa da lissafi har zango ɗaya. Mafi yawa za su motsa. 'Yan kaɗan da suka tsaya cik, alhali idonsu da kunnensu lafiya kuma ba su fashin zuwa, su ne ya kamata ƙwararre ya gani. Ta haka ƙwararren da ba mu da shi da yawa zai duba yaro biyar maimakon ɗari, kuma zai tarar da bayanin wata uku a rubuce yana jiran sa.

Na san akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Wani zai ce: ana maganar tsira da rai, makarantu a rufe, kai kana maganar gwajin kunne? Amsa ita ce rashin tsaro ba ya jinkirta wannan buƙata, ƙara ta yake yi. Yaron da ba ya ji shi ne ba ya jin ihun a gudu. Wanda ba ya iya tafiya shi ake ɗauka a baya ko a bari. Kuma gudun hijira, duk da muninsa, ya tara yaran ƙauyuka masu nisa a garuruwan Sabon Birni da Isa, inda ma'aikaci ɗaya zai iya ganin su a mako guda. Ana tara su domin rigakafi, ana auna damtsensu domin tamowa. Ƙara igiyar mita 6 da tambayoyi kaɗan a kan wannan layi ba sabon aiki ba ne.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: malami ba likita ba ne, zai yi kuskure, zai liƙa wa yaro suna ya bi shi har aure. Gaskiya ne, kuma a garin da ake binciken asali kafin a ba da mata, kalma ɗaya kan farfaɗiya na iya rufe wa yarinya ƙofa. Shi ya sa bai kamata a ba malami ikon faɗin sunan ciwo ba. Ikonsa ya tsaya ga bayyana abin da ya gani: ba ta jin kira daga baya, yana kusanto da littafi har hanci, ya yi wata uku bai riƙe baƙaƙe biyar ba. Bayanin ya zauna tsakaninsa da iyaye da hedimasta, kada a karanta shi a taron asambuli, kada a ware benci. Idan ya yi kuskure a wannan mataki, iyakar ɓarnar ita ce an dawo da yaro mai lafiya bencin gaba. Ku gwada wannan da kuskuren da ake yi yanzu, wanda sakamakonsa barin makaranta ne.

Ta uku ita ce wadda na fi girmamawa. Me amfanin gano matsala idan babu magani? Za a tara sunaye, a ɗauki hotuna, a tafi, kamar yadda aka sha yi. Mutanenmu sun gaji da a rubuta su. Akwai kuma haɗarin da kowa ya sani: da zarar an ji jerin suna zai kawo kuɗi ko buhun shinkafa, jerin zai cika da 'ya'yan masu faɗa a ji. Na yarda da wannan ƙorafi har na mai da shi sharaɗi: kada a duba yaro a kan abin da ba a shirya yin komai a kansa ba. Sai dai abin da za a iya yi ya fi yadda ake zato. Sauya wurin zama kyauta ne. Malami ya fuskanci aji idan yana magana, ya daina magana yana rubutu a allo, kyauta ne. Wanke kunne da maganin ɗigawa kuɗi kaɗan ne. Tabarau na gyara mafi yawan matsalar ganin 'yan makaranta. Maganin farfaɗiya na cikin magunguna mafi araha, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari na masu ita za su rabu da faɗuwa idan suna samun sa. Yaro zabiya hula yake buƙata da inuwa da rubutu manya. Tallafi irin wannan yana da wata fa'ida: ba mai sha'awar satar sa. Tabarau da aka auna wa idon wani ba ya sayuwa a kasuwa.

Game da kurame akwai abin da masu gwaji ke yawan tsallakewa. Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu, maganar hannu, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta wallafa littafi a 2000. Makarantun kurame kuwa da salon Amurka suke koyarwa, wanda Andrew Foster ya shigo da shi ta Ibadan a 1960. Idan malamin da ya koyi na makaranta ya gwada yaron ƙauye da shi, zai ce yaron ba shi da harshe, alhali da hannu yake ciniki a kasuwa. Duk inda za a duba yaro kurma, a zaunar da babban kurma na garin a wurin, kuma a biya shi ladan aikinsa.

Saura tambayar su wa za su yi aikin, kuma a ina. Yara da yawa a yankin nan ba su cikin rajistar firamare, suna makarantar allo da Islamiyya, kuma a nan ne aka fi samun makafi, tunda karatun ka ba ya neman ido. Tsarin da ya tsaya a ƙofar makarantar boko ya bar su a waje. Alaramma da ke sauraron hadda kullum ya riga kowa sanin wanda ke in-ina da wanda ba ya jin gyara sai an ɗaga murya, kuma ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan haƙƙin makaho a wajen ilimi, domin ya san dalilin saukar surar Abasa. 'Yan mata kuwa, musamman waɗanda ake ɓoyewa a ɗaka, mace ce kawai za ta kai gare su. Ƙasar nan ta taɓa warware irin wannan matsala: Nana Asma'u ba ta jira matan ƙauye su zo Sakkwato ko Wurno su zauna ba, ta horar da malamai mata da ake kira jaji, suka riƙa kai karatu garuruwansu. Kwatankwacin wannan a yau shi ne malami mai zagaye: mutum biyu ko uku a kowace ƙaramar hukuma, aƙalla ɗaya mace, 'yan asalin yankin, a ba su horo na 'yan watanni a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ko sashen ilimi na musamman na Jami'ar Bayero, su zauna ƙarƙashin sakataren ilimi, su riƙa bin makarantu suna duba bayanan malamai. Su ne za su tace waɗanda za a kai wa likita, kuma ya fi sauƙi a kawo likitan kunne da na ido babban asibitin Isa ko na Sabon Birni sau ɗaya a zango da a kwashi iyalai talatin zuwa Sakkwato. Kason nan na kashi 2 cikin ɗari, idan ya iso hukumar SUBEB ta jiha, ya fi dacewa da albashin zagaye da tabarau da batirin na'urar ƙara ji a kan sabon gini.

Abu na ƙarshe shi ne takardar kanta. Gobirawa ba su taɓa zama gefe ɗaya na iyaka ba: bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 wasu suka kafa Tsibiri, daga baya wasu suka kafa Sabon Birni, kuma har gobe ana aure ana kasuwa tsakani. Yaron da aka duba a Isa bana yana iya kasancewa a Gidan Rumji baɗi, a ajin da ake koyarwa da Faransanci. Fayil ɗin da ke kulle a ofis ba zai bi shi ba, bayanin da ke cikin kwamfuta kuma mun ga abin da ya same shi lokacin da aka rufe layukan waya a 2021. Don haka bayanin ya zama kati ɗaya mai kauri a hannun uwa, kamar katin rigakafi, da Hausa, boko a gaba ajami a baya. A rubuta abin da yaron ke iyawa, abin da ke ba shi wahala, abin da aka yi alkawarin yi masa, sunan wanda ya ɗauki alkawarin, da ranar da za a sake duba shi. Hedimasta ya sa hannu, jami'in lafiya ya sa hannu, kwafi ɗaya ya tafi ofishin sakataren ilimi, kuma a ƙarshen kowane zango kwamitin makaranta ya zauna da mai unguwa a ƙirga alkawura nawa aka cika.